Yadda zaka gina galaksin labarinka da ilimin taurari na gaske, ka raɗa masa sunaye daga bishiyoyi da tsuntsaye

Abun da ya fi ɓata min rai in ina karanta labarin sararin samaniya da wani ya ƙirƙira shine sunaye. Sai kaga mutum ya zuba wasu haruffa kamar ya zauna a kan kibod, Zxarqon, Vrylthax, babu ma'ana babu tushe, ka karanta shafi uku ka manta wacce duniya ce wacce. Kuma matsalar ba daga sunan ta fara ba, marubucin ne bai san wajen ba. Wanda ya san waje baya wahalar raɗa masa suna. Shi yasa tsarin da zan kawo anan ya ajiye suna can baya, sai ka gina sama tukunna. Ko littafi kake rubutawa, ko wasan kwamfuta, ko zanen labari, hanyar ɗaya ce. Kuma in nace ilimin taurari ina nufin na masu na'urar hangen nesa da lissafi ne fa, ba na masu duba ba.

Mataki na 1: ka fara jin girman abun a jikinka

Galaksi tarin taurari ne da ƙura da iska waɗanda ƙarfin janyowa ya riƙe su waje ɗaya suna juyawa. Namu wanda Rana take ciki, faɗinsa ya kai tafiyar haske ta shekara 100,000, taurarin cikinsa kuma ana ƙiyasta su tsakanin biliyan 100 zuwa biliyan 400. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, daga Rana zuwa wajenmu minti 8 da 'yan kai yake yi, amma zuwa tauraro mafi kusa damu, Proxima Centauri, sai ya shekara 4 da 'yan watanni. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun kusan kilomita 17 a daƙiƙa, toh da can ya nufa sai ya haura shekara 70,000 a hanya.

Ga yadda nake kwatanta wa kaina: ka ɗauka tsakanin Rana da duniyarmu santimita ɗaya ne a kan takarda. Neptune zata zauna a santimita 30, tsawon rula ɗaya kenan. Proxima kuwa sai ka yi tafiyar kilomita 2.7 kafin ka diga ɗigonta. Duk tsakanin nan fayau ne.

Don haka shawara ta farko da zaka yanke, tun kafin ka zana komai, itace gudun jiragen labarinka. Ka zaɓi lamba ɗaya ka rubuta ta ka manne mata. Misali in kace jirgi yana cinye tafiyar haske ta shekara ɗaya a awa ɗaya, toh maƙwabcin tauraro tafiyar awa 4 ce, amma ratsa galaksi daga wannan baki zuwa wancan zai ci shekara 11 da wani abu. Kaga daga lambar nan kaɗai siyasa ta fito, sarkin da ke tsakiya ba zai iya juya na gefe yadda yaso ba, kafin labarin tawaye ya iso masa an riga an naɗa sabon shugaba.

Mataki na 2: siffar galaksin da inda mutanenka suke zaune

Edwin Hubble ne ya kasa galaksi gida-gida a 1926: masu hannaye da suka murɗe kamar guguwa, masu siffar ƙwai, da marasa tsari. Masu siffar ƙwai galibi tsofaffin taurari ne jajaye, iskar haifar sababbi ta kusa ƙarewa, sun dace da labarin daular da ta tsufa. Masu hannaye su ne suka fi rai, ni dai su nake ba mai farawa shawara.

Ka samu takarda ka zana faifai, tsakiyarsa ya kumbura, hannaye biyu ko huɗu sun fita suna lanƙwasa. Faifan siriri ne sosai, namu kaurinsa wajen shekarar haske 1,000 ne kawai in ka gwada da faɗin 100,000. A cibiya akwai baƙin rami, wato wajen da ƙarfin janyowarsa ko haske baya iya kuɓuce masa, namu ana kiransa Sagittarius A*, nauyinsa ya kai na Rana sau miliyan 4. Taurari a wajen sun cunkushe, haske mai cutarwa yayi yawa, ba wajen zama bane mai daɗi. Ranarmu tana can nesa da cibiya da kusan shekarar haske 26,000, kuma zagaye ɗaya yana ɗaukarta wajen shekara miliyan 230. Sannan a kewayen faifan, sama da ƙasa, akwai dunƙulallun tarin tsofaffin taurari, namu suna da wajen 150, su kuma ƙarfe yayi musu ƙaranci saboda an haife su tun kafin taurari su fashe su watsa ƙarfe a sarari. In ka zaunar da wata al'umma a can, mutane ne da ƙusa ɗaya take da daraja a wajensu, kaga ka samu dalilin fatauci ko yaƙi ba tare da ka ƙirƙiri komai ba.

Kada ka yi ƙoƙarin cike galaksin duka, ba zaka iya ba kuma mai karatu ma baya buƙata. Ka kewaye wani ɗan yanki a hannu ɗaya, ka zuba taurari 8 zuwa 12 da labari zai taɓa, sauran ka barsu a duhu. Akwai ma uzuri na gaske, ƙurar da ke cikin faifai tana tare gani, mu kanmu ba ma hango cibiyar galaksinmu da haske na ido.

Mataki na 3: zaɓen taurari, anan aikin yake

Masana sun jera taurari da haruffa O, B, A, F, G, K, M, tsarin da Annie Jump Cannon ta daidaita a Harvard, daga mafi zafi zuwa mafi sanyi. Abun da ke rikita mutane shine shuɗi ne mafi zafi, ja ne mafi sanyi. Ranarmu G ce, zafin fuskarta wajen digiri 5,500, shekarunta biliyan 4.6 kuma zata kai wajen biliyan 10 gaba ɗaya. Manyan shuɗaye na rukunin O suna ƙona man su da gaggawa, 'yan miliyoyin shekaru su fashe. Toh rayuwa a duniyarmu sai da ta ɗauki biliyoyin shekaru kafin dabbobi masu jiki su bazu, wajen shekara miliyan 540 da suka wuce. Don haka in ka ɗora tsohuwar al'umma 'yar asalin waje a gefen ƙaton tauraro shuɗi, ka yi kuskure, sai dai in baƙi ne suka zo haƙar ma'adinai suna sane da cewa gidan na wucin gadi ne. Haka ma tarin taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta, kyawunsu ba magana amma jarirai ne, shekarunsu wajen miliyan 100 kacal.

Kusan kashi uku cikin huɗu na taurarin galaksinmu ƙananan jajaye ne na rukunin M, waɗanda ko ɗaya ba a gani da ido tsirara. Ɗan hakin da ka raina kenan. In taswirarka duk manyan taurari ne masu ƙyalli, ba ta yi kama da gaskiya ba, a cikin 12 ɗinka ka bar 8 ko 9 su zama jajaye ƙanana. Kuma don Allah kada ka saka tauraro kore, babu shi, yadda hasken tauraro yake gauraya baya taɓa fitowa kore a ido.

Tauraron da zaka ɗora babbar duniyar labarinka a kansa, ni na fi son rukunin K, mai ruwan goro-goro, ya fi Rana ɗan sanyi kuma ya fi ta tsawon rai nesa ba kusa ba. Bari mu gina ɗaya tare. Ka bashi nauyi kashi uku cikin huɗu na Rana, haskensa kuma rubu'in nata. Nisan da duniya zata zauna ruwa ya tsaya a matsayin ruwa, bai daskare ba bai ƙafe ba, ana samunsa ne da neman lambar da in ka ninka ta da kanta zata baka ƙarfin hasken. Rabi sau rabi shine rubu'i, toh duniyarka zata zauna a rabin nisan da ke tsakaninmu da Rana, kilomita miliyan 75 maimakon miliyan 150. Tsawon shekararta kuma dokar Kepler ce zata baka: ka ninka nisan sau uku da kansa, 0.5 sau 0.5 sau 0.5 ya bada 0.125, ka raba da nauyin tauraron 0.75 ka samu wajen 0.167, sai ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta zata bada wannan, wato wajen 0.41 na shekararmu. Kwana 150 kenan a taƙaice. Ma'ana wanda yake da shekara 30 a lissafinmu, a can ɗan shekara 73 ne. Minti biyar na lissafi a waya ya baka kalanda, ya baka yadda mutanen suke ƙirga tsufa, ya baka yawan zuwan damina.

Mataki na 4: duniyoyi, ka ara daga waɗanda aka riga aka gano

Gaskiya abun da aka gano ya fi abun da yawancinmu zamu iya ƙagowa ban mamaki. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka gano 51 Pegasi b, ƙatuwar duniyar iska da ke zagaye tauraronta a kwana 4 kacal, aikin da ya basu kyautar Nobel a 2019. Zuwa 2022 adadin duniyoyin da aka tabbatar a wajen gidan Rana ya haura 5,000. Akwai Kepler-16b da aka sanar a 2011 mai zagaye rana biyu lokaci guda. Akwai TRAPPIST-1, ɗan ƙaramin jan tauraro a nisan shekarar haske 40, mai duniyoyi 7 masu girman tamu a matse kusa dashi, shekarar ta ciki kwana ɗaya da rabi, ta waje kwana 19.

Duniyar da ta matsa kusa da tauraronta haka sau da yawa takan kulle, fuska ɗaya kullum tana kallon rana kamar yadda Wata yake nuna mana fuska ɗaya. Gefe ɗaya rana ba ta faɗuwa, ɗaya gefen dare ne har abada, mutane sai su zauna a siririn layin tsakiya inda kullum kamar almuru ne. Ka tsaya ka yi tunanin mutanen da babu kalmar "gobe" ko "jiya" a bakinsu tunda basu taɓa ganin gari ya waye ba, da me suke auna lokaci, yaushe suke barci, wane ɓangare suke tsoro, na wuta ko na ƙanƙara. Irin wannan tambayar ce take haifar da suna mai kyau.

Ko a gidan Rana ma akwai abun aro: watannin Jupiter da Saturn irin su Europa da Enceladus masu teku a ƙarƙashin ƙanƙara, Titan mai tafkunan iskar gas da ta zama ruwa, da Io mai duwatsu masu aman wuta, Uranus da ta kwanta a gefe da digiri 98, sai Venus da juyawarta a kan kanta yake ɗaukar kwana 243 alhali shekararta kwana 225 ce. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: zoben duwatsun da ke tsakanin Mars da Jupiter ba cunkoso bane da matuƙi zai riƙa kauce-kauce, duk duwatsun in an haɗa su basu kai kashi 5 cikin 100 na nauyin Wata ba. In kana son cunkoso ka kai jirginka cikin zoben wata duniya irin na Saturn.

Mataki na 5: yanzu ne lokacin suna

Ka dubi yadda mutane na gaske suka yi. Yawancin sunayen taurari masu haske daga Larabci suke, kuma dukkansu bayani ne mai sauƙi. Aldebaran ma'anarsa mai bin baya, saboda yana biye da Kaza da 'Ya'yanta a sama. Altair daga "mikiya mai tashi", Vega daga "mikiya mai saukowa", Deneb wutsiya, Rigel ƙafa, Fomalhaut bakin kifi. Masanan zamani ma haka suke, gajimaren ƙura na sama sun kira su Kan Doki, Ƙaguwa, Mikiya, Idon Kyanwa. A 2019 da Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta ba ƙasashe damar raɗa wa tauraro da duniyarsa suna, Burkina Faso ta zaɓi sunayen koguna biyu, Mouhoun da Nakanbé, Tanzaniya ta kira tauraronta Mpingo, sunan wata bishiya, duniyar kuma sunan dutse mai daraja da ake haƙowa a ƙasar. Babu wanda ya zuba haruffa barkatai.

Dabarar itace ka nemi halitta wadda halinta yayi daidai da halin tauraron, ba kamanninta kawai ba. Bari in nuna da namu yankin.

Akwai tsohon tauraro da ya kumbura ya zama jan ƙato, irin abun da zai samu Rana nan da shekara biliyan 5. Ya ƙone duniyoyin da ke kusa dashi, amma zafinsa ya narkar da ƙanƙarar wasu watanni can nesa har mutane suka zauna. Na kira shi Giginya, saboda na nesa ne ke shan inuwarta. Duk wanda ya san kirarin ya gama fahimtar tarihin wajen daga suna kawai.

Akwai duniya da take zagayawa ta saɓanin sauran 'yan uwanta, kuma da gaske an gano duniyoyin da suke zagayawa saɓanin juyawar tauraronsu. Ita ce Gawo, bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta yi kore da rani. Mutanen Gawo a labarina su ne kullum suke saɓa wa majalisa, sunan ya riga ya gaya maka.

Tauraruwa mai wutsiya da take dawowa a kan lokaci, kamar yadda ta Halley take zuwa duk bayan kusan shekara 76, ta zo a 1986 kuma ana jiranta a 2061, na kira tawa Shamuwa, tunda zuwanta alama ce ta sauyin yanayi. Tauraron da haskensa yake raguwa yana dawowa, irin Algol da yake dushewa duk bayan kusan kwana 3 saboda abokinsa yana gitta gabansa, shi ne Hawainiya. Ƙananan watanni farare da ke biye da ƙatuwar duniyar iska, Balbelu. Baƙin ramin cibiya kuwa Rijiya kawai matuƙa suke ce masa, wasu su ƙara da gaba dubu. Sai gawar tauraro mai juyawa tana walƙiya a kan ƙa'ida, irin wadda Jocelyn Bell ta fara ganowa a 1967, ta cikin gajimaren Ƙaguwa tana juyawa sau 30 a daƙiƙa, su ne fitilun hanya, har allon da aka liƙa wa kumbon Pioneer 10 a 1972 da irinsu guda 14 ya nuna inda Rana take. Tawa sunanta Makyarkyata.

Ka ware wa kowane yanki jigonsa don mai karatu ya gane inda yake ba tare da duba taswira ba. Hannu ɗaya duk bishiyoyi, Kirya, Maɗaci, Aduwa, Marke. Wani duk tsuntsaye, Gauraka, Zalɓe, Shaho, Tsattsewa. Yankin da babu kowa kuma ka bashi sunayen iska da yanayi, Hazo, Raɓa, Ƙawalwalniya. Masana ma haka suke yi, ramukan Mercury sunayen mawaƙa da marubuta da masu zane ake basu, wuraren Venus kuma kusan duk sunayen mata. Sunayen da mutane suke girmamawa a addini ka barsu, babu buƙatar taɓa su.

Mataki na 6: waje ɗaya, suna uku, sannan ka tsufar dasu

Wannan ne yake sa galaksi ya ji kamar an daɗe ana rayuwa a cikinsa. Kowane muhimmin waje ka bashi lambar rajista, sunan hukuma, da sunan da mazauna suke kiransa. A tsarin gaske duniya ta farko da aka gano a gefen tauraro ana bata harafin b, ta biyu c, haka dai. Don haka a takardar ofis Gawo tana iya zama TK-212 c, daular da ta ci ta da yaƙi ta sa mata sunan wani janar ɗinta, 'yan ƙasa kuma basu fasa cewa Gawo ba. Sunan da mutum ya furta a cikin hira ya isa ya nuna ɓangaren da yake.

Abu ɗaya ma yana iya samun suna biyu saboda an ɗauka abu biyu ne. Venus ce Zara da yamma, ita ce kuma Gamzaki da asuba, Girkawan dā ma suna biyu suka bata. Ka saka irin wannan a labarinka, al'umma biyu suna gardama a kan taurari biyu ashe guda ne.

Sannan baki yana cinye suna. Betelgeuse asalinsa Larabci ne, "yadul jauza", masu kwafe littattafai a Turai suka karanta harafin farko ba daidai ba, ya koma da b har yau. Kai ma ka yi haka da gangan. Mashigar da matuƙan farko suka kira Bakin Kada, bayan shekara 500 ta koma Bankada. Idon Mujiya ya koma Dammujiya. Ka faɗi sunan da sauri sau goma, abun da harshenka ya yar ka barshi a yashe. Amma ba duka zaka tsufar ba, sababbin matsugunai su riƙe sunansu cikakke, tsofaffi ne suke goguwa.

Kafin ka amince da jerin, ka karanta shi da ƙarfi. In biyu sun fara da sauti ɗaya kuma tsawonsu ɗaya, kamar Gawo da Gamji, ka canza ɗaya ko ka nisanta su a labari. Ka buɗe fayil ko littafin rubutu mai layi shida: suna, ma'anarsa, wa ya raɗa, irin tauraron, tsawon shekara, da kwana nawa ne zuwa maƙwabta. Duk lokacin da jirgi zai tashi a labari ka leƙa layin ƙarshen nan, saboda masu karatu suna riƙe lissafin tafiya fiye da yadda kake zato.

Mataki na 7: ka tsaya a ƙasa ka ɗaga kai

Na ƙarshe, ka zaɓi duniya ɗaya ka rubuta sakin layi guda na abun da yaro zai gani in ya fito waje da dare. Siffofin taurari da muka sani daga inda muke tsaye ne kawai suke haka, in ka matsa sai su wargaje. Wanda yake Alpha Centauri, taurarin da ke maƙwabtaka damu, zai ga Ranarmu a matsayin tauraro mai haske a gefen siffar taurarin da ake kira Cassiopeia. Toh daga Gawo, Giginya jan ɗigo ne da ya fi kowa haske, Hawainiya tana lumshe ido duk bayan 'yan kwanaki, Balbelu ba a ganinsu sai da madubi, faifan galaksin kuma farin layi ne da ya ratsa sama da baƙin tabo a inda ƙura ta rufe Rijiya. Ka haɗa ɗigo biyar ko shida ka basu siffar wata dabba da ke rayuwa a duniyar, ka rubuta a wane wata take fitowa a cikin shekararsu, da abun da manya suke gaya wa yara game da ita.